Likitan Rim da Motar da Auta Ta Saya

A ƙarshen layin masu gyaran mota, tsakanin mai faci da mai gyaran waya, akwai wata rumfar kwano da ba ta wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. Nan ne wurin aikin dattijon da kowa ke kira Likita. Bai taɓa riƙe allura ba, ganin jini ma juwa yake sa shi. Rim yake gyarawa, wato ƙarfen nan da ake ɗora tayar mota a kansa, kuma ba kowane rim ba, sai mai ruwan kurom, irin wanda in mota ta tsaya kusa da kai za ka hango fuskarka a ciki ta yi faɗi kamar faranti.

Sunan ya bi shi ne saboda yadda yake karɓar aiki. In ka kawo masa rim, ba ya fara maganar gyara. Sai ya ɗora shi kan benci, ya sa tabarau, ya shafa shi da bayan hannu, sannan ya ɗago ya dube ka kamar kai ne ka kawo yaro da zazzaɓin kwana biyar.

"Tun yaushe ya fara?"

"Da me kake wanke shi?"

"Wa ya goga shi da kwalbati?"

Wannan tambayar ta ƙarshe, shekara talatin da ɗaya yana yin ta, bai taɓa samun namiji ɗaya da ya ce shi ne ba. Kullum matar gida ce, ko ƙane, ko wani aboki da ya ari motar. Likita yakan ce in da gaske matan garin nan ne ke goga duk rim ɗin da ake kawo masa, to ba su da lokacin yin komai a duniya sai bin kwalbati.

Aikinsa ba na mai sauri ba ne. Zai wanke rim da ruwa da sabulu mai laushi, ya bi lungu-lungu da tsohon buroshin haƙori ya fitar da baƙar ƙurar birki, wadda a wurinsa ita ce uwar cuta. Ya tsane shi tas da tsumma. In tsatsa ta fara fitowa ɗigo-ɗigo, sai ya dunƙule takardar nan mai ƙyalli da ake naɗe abinci da ita, ya tsoma a ruwa, ya riƙa murzawa a hankali har jan ya ɗauke. Daga nan man gogewa, daga nan kaki, shafi biyu, don ruwa ya riƙa zamewa kada ya samu wurin kwana. In kuwa kurom ɗin ya riga ya fara ɓarewa kamar ɓawon albasa, ba ya ɓoye wa mutum. Zai cire tabarau ya ce, "Wannan sai haƙuri, an makara." Mai rim ya tsaya ya yi jugum, wani har da sauke ajiyar zuciya.

Masu kawo masa aikin kuwa, Allah ya shirya su. Akwai wani ɗan kasuwa da birkin motarsa sai an taka sau uku yake amsawa, amma duk wata sai an goge masa rim. Akwai wanda ƙofar direbansa ba ta buɗuwa, ta gefen fasinja yake shiga yana rarrafe bisa giya, shi ma rim ne damuwarsa. Mota tana tari, tana hayaƙi, tana yoyon mai, amma ƙafafunta suna ɗaukar ido, kamar mutumin da bai karya ba ya fito da takalmi mai sheƙi. Likita bai taɓa ganin laifinsu ba. A ganinsa su ne ma suka san ciwon kansu.

Abokan gabarsa iri biyu ne. Na farko masu wankin mota, waɗanda ke watsa wa rim ruwan batir su bi shi da soson ƙarfe don ya yi haske nan take, bayan wata biyu ya dushe kamar tsohon cokali. Yakan sauka daga keke a tsakiyar hanya musamman don ya gaya musu abin da suke. Na biyu kuwa mutum ɗaya ne, mai walda da injin huda da ke tsallaken layi, daidai saitin rumfarsa. Sana'ar wannan mutumin ita ce in rim bai dace da mota ba, ya toshe ramukan noti da walda ya huda sababbi. Likita ne ya raɗa masa suna Mahauci, sunan kuwa ya zauna daram, har masu kawo masa aiki da shi suke tambayar shagon. Shekara goma sha tara suna kallon juna, gaisuwarsu ba ta taɓa wuce ɗaga hannu ba, shi ma ɗin a ciki-ciki.

To, shi Likita ba shi da mota. Keke yake hawa, rim ɗin keken kuma ja wur da tsatsa, don a cewarsa wannan ba rim ba ne, waya ce aka lanƙwasa. Ya koyi tuƙi tun yana saurayi, lasin ɗinsa bai taɓa mutuwa ba, yana nan cikin leda a aljihun gaba. Abin da yake da shi rim ne guda huɗu, masu rami biyar-biyar. Shekara goma sha huɗu da suka wuce ya tsinto su cikin tarin tsofaffin ƙarafa, sun yi baƙi ƙirin, ya shafe shekara biyu yana jinyarsu har suka dawo kamar ranar da aka ƙera su. Mutane mota suke saya sannan su nemi rim. Shi rim ya tanada, yana jiran mota.

A ɗakin kwana suke, gefen gado, bisa katako don kada sanyin ƙasa ya taɓa su, an lulluɓe su da bargon da ya fi na kan gadon kauri. Matarsa ta yi mita har ta gaji. Takan ce wa baƙi, "A gidan nan rim ke rufa da bargo, mu mu rufa da haƙuri." Duk ranar da ba ya zuwa aiki zai fito da su tsakar gida da hantsi, ya shafa kaki, ya goge, ya tsaya ya kalle su hannu a baya, ya mai da su. In an tambaye shi motar fa, sai ya ce tana tafe.

Amma shekaru sun fara yi masa magana. Gwiwa ba ta tsugunawa sai da ƙara, hannun dama ya fara rawa in ya daɗe yana murza. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada ya mutu rim ɗin nan ba su taɓa juyawa a ƙarƙashinsa ba. Ya san 'ya'yansa maza sarai. Kafin a naɗe tabarmar gaisuwa za su kira mai sayen ƙarfe ya ɗora su a sikeli. Mutum ɗaya ce a gidan ba ta taɓa yi wa rim ɗin dariya ba, ita ce Auta, wadda ke aikin jinya a wani asibiti can ƙarshen gari. Tun tana ƙarama a jikin rim take duba ɗaurin ɗankwalinta, kuma in ya ce mota tana tafe, ita kaɗai ke cewa Allah ya kawo ta.

Wata Asabar da hantsi aka danna ham a ƙofar gida. Likita ya fito da tsumma a kafaɗa. Wata 'yar mota ce ruwan toka, ta hannu amma tsaf, maƙwabta har sun fara taruwa. Auta ta fito daga ciki, ta russuna, ta miƙo masa makulli da hannu biyu.

"Baba, ga motar ta iso. A fito da rim."

Duk uban da ya san abin da yake yi, a nan zai karɓa ya sa albarka. Likita ma niyyarsa ke nan, Allah ya sani. Amma shekara talatin da ɗaya ba wasa ba ce. Ƙafafunsa ne suka ɗauke shi suka kai shi gaban taya. Ya tsuguna, gwiwa ta yi ƙara, ya sa yatsa ya ɓalle murfin roba, ya bi notocin ɗaya bayan ɗaya. Ya sake bi.

"Huɗu ne," ya ce, kuma da ƙarfi ya faɗa.

"Me ne ne huɗu, Baba?"

"Noti. Nawa masu biyar ne. Ba za su shiga ba."

Hannun Auta na nan a miƙe da makulli, ba wanda ya karɓa. Sai da matarsa ta zungure shi da ƙafa sannan ya farga, ya miƙe da ƙyar, ya karɓa, ya shiga sa albarka. Ya yi ta zubawa, ya haɗa da 'ya'yan da ba ta haifa ba tukuna da jikokinsu, maƙwabta na amsawa da amin. Amma kowa ya ji abin da ya fara fitowa daga bakinsa. Auta ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba, ta ce tana da aikin rana, ta tafi bakin titi ta tari motar haya.

Da suka shiga gida matarsa ba ta ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi yi masa ciwo.

"Malam, shekara huɗu yarinyar nan ba ta ɗinka sabon kaya ba. Kai kuma noti ka gani."

Ya buɗe baki zai yi bayanin cewa rami biyar ba ya hawa kan huɗu ko da wa ya saya, sai ya ga fuskarta, ya rufe.

Mako uku motar na ƙofar gida a ƙarƙashin tamfol. Auta ta koma kiran uwarta kawai. In an miƙa masa wayar sai ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi gwiwa, ta ce ana kiranta. Ladabin nan ya fi zagi zafi. A layi kuwa kowa ya zama mashawarci. Mai gyaran waya ya ce a sayar da rim ɗin a huta, Likita ya daina yi masa magana kwana biyu. Mai faci ya ce abu mai sauƙi, a koma wurin dillalin da ya sayar da motar a musanya da mai noti biyar. Wannan shawarar ta shige shi. Ranar Talata ya rufe rumfa da wuri, ya hau keke, bai gaya wa kowa ba.

Dillalin wani mai tumbi ne, makullai sun fi ashirin a hannunsa, yana magana yana kaɗa su. Da ya ji bayani sai ya kwashe da dariya.

"Ashe kai ne baban ma'aikaciyar asibitin nan. Baba, 'yarka ta ba ni wahala. Sau shida tana zuwa. Da tef ɗin tela take zuwa, da wata 'yar takarda da ta rubuta awo. Duk motar da na nuna mata sai ta durƙusa ta auna faɗin rim, ta duba takarda. In ya yi daidai kuma sai ta shiga kujerar direba ta fito, ta shiga ta fito, wai babanta na ciwon gwiwa, ba ta son mai kujera a ƙasa. Har tambaya ta yi ko rim ɗinka zai hau. Na ce mata rim ai duk rim ne, in faɗi ya yi daidai magana ta ƙare."

Likita ya dubi tumbin nan, ya ji da yana da sauran ƙarfi da ya gwada masa wani abu. Rim duk rim ne. Mutum na sayar da mota shekara da shekaru, bai san ana duba rami ba.

"Musanya kuwa ba matsala," in ji dillalin. "Ga wata can mai biyar. Sai dai ita za ta zo ta sa hannu, tun da ita ta saya. Ka ce mata ta dawo da waccan."

Ya je ya duba mai biyar ɗin. Notocin sun cika cif, rim ɗinsa za su zauna kamar don ita aka yi su. Ya buɗe ƙofa ya zauna. Kujerar na can ƙasa kamar an haƙa mata rami. Da ya zo fitowa sai da ya yunƙura sau biyu, na uku dillalin ya kamo hannunsa. Ya tsaya yana kakkaɓe riga, yana jin yadda maganar za ta fito daga bakinsa: Auta, ki mai da motar da kika saya min. Ya gwada ta a zuciya ta kowace fuska, ba ta da daɗin ji. Ya ɗauki kekensa ya fita ko sallama bai yi ba.

A gida ya tambayi matarsa ko ta san da maganar awo.

"Ni na riƙe mata bakin tef ɗin," ta ce. "Kana wurin aiki muka buɗe bargon. Sai da ta wanke hannu ta goge kafin ta taɓa, wai kada ka ga shatin yatsa."

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya girma. Ya zauna bakin gado yana kallon bargon. Yarinyar ba mota kawai ta saya masa ba, rim ɗin nan take so ta gani a ƙarƙashin motar da ta saya, a kan titi, da shi a ciki. Hanyar yin haka kuwa ɗaya ce a duk garin, kuma tana tsallaken rumfarsa.

Washegari da safe mutanen layi suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Likita ne ke tura baro, an lulluɓe kayan ciki da bargo, ya tsallaka layi ya tsaya ƙofar shagon Mahauci. Ya yi sallama cikakkiya, har da tambayar iyali.

Mahauci ya ɗaga gilashin walda daga fuska. "Likita, ko ɓatan hanya ne?"

"Aiki na kawo."

"Wurin mahauta?"

"Wurinka."

Mahauci bai bar wannan rana ta wuce a banza ba. Ya leƙa waje ya kira mai faci, ya kira mai gyaran waya, ya ce su zo su zama shaida, kada gobe a ce ƙarya yake. Ya sa aka kawo wa Likita kujera, ya goge ta da hularsa, ya tambaye shi ko yanka yake so ko fiɗa. Aka yi ta dariya. Likita ya shanye, don ya san bashin baki ne ya ci shekara goma sha tara.

Sai ya yaye bargon. Hasken safiya ya faɗa kan rim ɗin ya watsu har rufin shago. Dariyar ta tsaya. Mahauci ya goge hannu a wando, ya miƙa zai taɓa, ya fasa.

"Likita, ka tabbata? Walda za ta ƙona su. In na huda, kurom zai tsage, ruwa zai shiga. Ka fi ni sani. Wallahi ni kaina ba na so."

"Na fi ka sani. Kunna injin."

Shi da kansa ya auna, ya sa alamar ramuka huɗu da alli, ko ɗaya ba ta kauce ba. Shi ya riƙe rim na farko a kan teburin ƙarfe. Da wutar walda ta taɓa, sai hasken wurin ya koma ruwan zuma, ya koma shuɗi, ya koma baƙi, yana bazuwa kamar mai a kan takarda. Injin huda ya sauka da kuka, kurom ya tsattsage siri-siri kewayen kowane rami. Mai faci ya kau da kai ya koma shagonsa. Likita bai kau da nasa ba. Ya riƙe na biyu, da na uku, da na huɗu, hawaye na bin gefen tabarau, ya ce hayaƙin walda ne, ba wanda ya musa masa. Da aka gama ya kai su rumfarsa ya wanke, ya cusa kaki cikin kowace tsaga, duk da ya san jinkiri kawai yake saya. Sannan aka ɗora musu taya aka ɗaura su a motar da Auta ta saya.

Da yamma, lokacin tashin ma'aikatan rana, ya kama hanyar asibiti. A giya ta biyu ya yi tafiyar gaba ɗaya, ya ƙanƙame sitiyari, motoci na ta danna masa ham a baya, wani mai babur ya tambaye shi ko gawa ya ɗauko. A hanyar ne ya gano wani abu da shekara goma sha huɗu bai taɓa zuwa masa a rai ba: wanda ke cikin mota ba ya ganin rim. Ya leƙa ta taga, ya duba madubi, babu. Na waje ne kawai ke gani.

Ya tsaya gefen ƙofar asibitin, nesa da kwalbati da kusan taku biyu. Auta ta fito cikin fararen kaya, jaka a kafaɗa, tana tafiyar wanda ya yini a tsaye. Ta wuce motar, ta tsaya, ta dawo. Ta dubi ƙafafun, ta dube shi. Sannan ta durƙusa ta ɗora yatsa kan baƙin tabon da ya kewaye notocin.

"Baba, wa ya yi musu haka?"

"Ni na sa."

"Za su yi tsatsa."

"Za su yi. Damina biyu, in sun yi ƙarko uku. Shiga, ɗaukar ki na zo yi."

Ta zagaya ta shiga gaba, ta ɗora jakar a cinya. Ya saki kuloci da sauri motar ta yi tsalle ta mutu. Ya sake tayarwa. Da ya waiwaya sai ya ga ta kifa fuska a kan jakar, kafaɗunta na rawa.

"Auta, kukan nan ki ajiye shi sai mun hau titi. Duba min gefenki, akwai mai zuwa?"

Ta share ido da bakin mayafi, ta leƙa ta taga, ta daɗe tana dubawa.

"Babu kowa, Baba. Mu je."